Kwandon Teta Perina

Kafin ƙararrawar coci ta buga ta safe, Teta Perina, wato Inna Perina a harshen tsibirinmu, ta riga ta sauko daga unguwar tudu da kwandonta a hammata. Duk mai buɗe shago a bakin tashar jiragen ruwa ya san takunta, don ƙafar hagu tana ɗan jan ƙasa tun da gwiwar ta fara ba ta wahala. Ba ta tsayawa shan kofi da kowa. Takan ɗaga wa mai gasa burodi hannu, ta wuce masunta suna sauke akwatunan kifi, ta taka katakon da ke haɗa tasha da jirgin Barba Roko, wato Kawu Roko, ta dire kwandon a gindin tsani. Daga nan sai aiki. Ta girgiza kowace tukunyar iska ta masu nutso ta ji ta ɗauru, ta buɗe kwalbar iskar asibiti ta saurari fitarta, ta hura usur sau ɗaya har tsuntsayen teku su watse, ta warware doguwar igiyar da ake jefawa a bayan jirgi ta sake naɗe ta, alhali ita ce ta naɗe ta jiya da yamma. In ta gama sai ta zauna a kan akwatin rigunan ceto, ta ciro busasshen ɓaure daga aljihu tana ci, tana jiran baƙi.

Shekara fiye da talatin tana wannan, kuma a ƙarshen bazarar bana ta ajiye aiki. Ku je ku duba hotunan da baƙi ke ɗauka a jirgin nan. Za ku ga Roko a kan sitiyari da farin gemunsa, za ku ga 'yarsa Dinka, wadda ke jagorantar masu nutso zuwa ƙarƙashin ruwa, tana dariya cikin rigar roba. Perina fa? In an yi sa'a a ga gwiwar hannunta a gefen hoto. Abin ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na ce sai na rubuta, tun tana da ranta, tun tana iya harara ta ta ce na cika surutu.

Aikinta ba shi da suna mai daɗi. Ba ta tuƙi, ba ta nutso. Ita dai mutanen da jirgi ya fita da su, ta tabbatar ya dawo da su. Kuma da kwandon nan take yi.

Duk wanda zai hau, sai ta tare shi a bakin katako.

“Cire takalminka, ɗana. A'a, kada ka miƙo mini, sa a ciki da hannunka. Yaya sunanka?”

In ya faɗa, sai ta maimaita, ta karkace sunan yadda harshenta ya ga dama, ta sa shi ya gyara mata, tana kallon fuskarsa. Da gangan take yi. So take ta ji muryar mutum sau biyu. Idan aka isa wurin nutso Roko ya kashe inji, sai ya zare makulli ya ba ta, ta jefa shi can ƙasan kwando, ƙarƙashin takalman mutane. In an fito daga ruwa, za ta tsaya ta kira kowa da sunansa, ya amsa da bakinsa, ya zo ya ɗauki takalminsa da hannunsa. Miji ba ya ɗaukar wa mata, aboki ba ya amsa wa aboki. Sai kwando ya zama babu komai sai makulli, sannan Roko zai ga makullinsa.

Makullin kuwa ɗaure yake da igiyar wani tsohon takalmin yadi, ƙafa ɗaya, wanda gishiri ya cinye launinsa. Baƙi sukan yi dariya in sun gani. Har Roko, da yake ƙanin marigayi mijinta ne kuma akwai wasa tsakaninsu, ba ya barin ta ta huta.

“Matar yaya, duk kyaftin ɗin duniya ana ba shi makulli a zobe. Ni kaɗai ake miƙo wa takalmi mai wari.”

“Ka gode Allah ba a ka nake miƙo maka shi ba.”

“Na iya ƙirga fa. Na yi makaranta.”

“Ƙirga kifi ka iya. Kifi ba shi da suna.”

Roko yana wasan ne, amma ya san na waye takalmin, kamar yadda duk tsofaffin tsibirin suka sani. Na Jere ne, yayan Perina. Tana budurwa ya shiga jirgin masu nutso suna ciro soso daga ƙasan teku. Wata rana da la'asar suka gama, mai jirgi ya ɗaga murya ya ce kowa ya hau? Aka ce e. Wani ya ce ina Jere? Wani ya ce yana ƙasa yana barci, ai kun san shi. Ba ƙarya ya yi niyyar yi ba, bawan Allah, haka ya zata. Sai da suka ɗaure a tasha kowa ya sa takalminsa ya sauka, aka ga takalmin yadi ƙafa biyu a ajiye a gefen injin ba mai su. Suka juya jirgi suka koma, duk jiragen gari suka bi su, aka yi kwana da kwanaki ana nema. Ko hular kansa ba a gani ba. Aka kawo wa uwarsu takalman. Ta ajiye su a bakin ƙofa, inda yake cire su kullum, ta hana a ɗauke har ta mutu. Ranar da Perina ta fara aiki a jirgin Roko, ta ɗauki ƙafa ɗaya ta tafi da shi, ta bar ɗayan a bakin ƙofar.

Ke ce, Teta, wadda ba ta mayar da baƙin cikinta kuka a bainar jama'a ba. Ba ki taɓa ba wa baƙo labarin Jere don ya ji tausayinki ba. Kin bari suna dariyar takalmin, kina murmushi, kina cewa su sa nasu a kwando.

An yi ta jin haushinta, kada in ɓoye. Akwai wanda ya fito daga ruwa yana rawar sanyi, matarsa ta miƙa hannu za ta ɗauko masa silifa, Perina ta doke hannun kamar na yaro a bakin tukunya. Akwai ƙungiyar ƙwararru da suka ce su sun nutsa a tekuna bakwai, ba wanda ya taɓa kiran sunansu kamar 'yan firamare. Ta ce to yau sun shiga firamare. Shekaru suka yi ta wucewa kwandon bai kama kowa ba, kullum ya cika ya koma fanko, har mutane suka fara cewa tsohuwar dai ta saba ne kawai. Ita kuwa ko a jikinta. Abin da take yawan gaya wa Dinka shi ne, mai surutu ba ya ba ta tsoro, don in ya ɓace shirun ma zai tona. Wanda take sa wa ido shi ne mai kunya, wanda ya zo shi kaɗai, ya zauna a lungu, ya ce na gode in an taka shi.

Irin wannan mutumin ne Radim. Direban jirgin ƙasan cikin gari ne daga ƙasar Cek, dattijo mai sanƙo, matarsa ta rasu, ya zo hutu shi kaɗai a wata bazara da ba za mu manta ba. Da safe ya sa wasu sandal ruwan ƙasa a kwando, ɗaya an ɗinke maɗaurinsa da zaren kamun kifi. Ya faɗi sunansa a hankali har sai da Perina ta ce ya ɗaga murya, ba a coci yake ba. Da yake ba shi da abokin nutso, Dinka ta haɗa shi da wasu ma'aurata, ta ce su uku su riƙa lura da juna.

Abin da ya faru ranar na ji shi daga bakin Roko, na ji daga bakin Dinka, na kuma ji daga Radim kansa. Perina ce kaɗai ta ƙi ba ni labari, ta ce ba abin da ya faru, mutum ya shiga ruwa ya fito.

Sun je wurin tsohon jirgin dakon kayan nan da ya nutse a bayan ƙaramin tsibirin duwatsu. Suka tarar da wani jirgin masu nutso daga wani gari ya riga su, suka ɗaure kusa da shi. Mutum goma sha biyu suka shiga ruwa tare da Dinka, teku lumui kamar man zaitun a faranti. Ba a jima ba Perina ta ga yamma ta yi baƙi ƙirin. Nevera ce, guguwar bazara da ba ta sallama. Ta ɗauki guntun ƙarfe ta yi ta buga tsani, alamar kowa ya hauro. Kafin su gama haurowa iska ta iso, ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya, igiyar ruwa na ɗaga jirgi tana maka shi. Masu nutson jiragen biyu suka fito a cakuɗe, kowa cikin baƙar riga da baƙar hula da tabarau, ba ka gane ɗan uwarka. Duk wanda ya kama tsani sai a ja shi sama. Ɗaya jirgin ya kwance igiyarsa ya cika wa rigarsa iska.

Roko ya leƙo daga ɗakin tuƙi, ruwa na zuba daga gemunsa, ya bi kawuna da yatsa.

“Sha biyu! Sun cika! Perina, makulli!”

Ba ta ko waiwayo ba. Ta maƙale kwando tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe ƙarfen tsani da hannu ɗaya, tana ƙwala kiran sunaye cikin iska. Mutane na rarrafowa suna ɗaukar takalma, wasu na zagi cikin harshensu.

“Perina, don girman Allah! Na ƙirga sau biyu!”

“Radim!” ta kira.

Shiru.

“Radim!”

Matar nan da aka haɗa su ta ɗago kai. “Ina jin ya shiga bayi, na ga kamar...”

“Ba a amsa wa wani a jirgin nan, 'yata. Dinka, duba bayi.”

Dinka ta buɗe ƙofa. Babu kowa. Perina ta kalli cikin kwando, sandal ruwan ƙasa na kwance a kan takalmin Jere. Ta miƙe ta bi mutanen da ke zaune, tana kallon ƙafafu, ba fuska ba. Kowa da takalmi, sai wani da ya duƙa a gefe yana amai, ƙafarsa tsirara. Ta kama hular robarsa ta zame. Saurayi ne mai dogon gashi da ɗan kunne. Ya dube ta, ya dubi jirgin, ya tambaya ina matarsa. Ɗan ɗaya jirgin ne, tsani ya kama bai duba ba. Nasa jirgin ya tafi ya bar shi, ba su ma sani ba sai da suka isa gida.

Ƙirgan Roko daidai ne, kawuna goma sha biyu. Amma ɗaya ba nasu ba ne, nasu yana cikin teku.

Dinka ta juya kan ma'auratan. “Ba tare kuke ba? Ba na ce ku lura da juna ba?”

“Mun zaci ke ya bi.”

“Ni kuma na zaci yana tare da ku!”

Dinka ta wawuri tabarau za ta faɗa ruwa, Perina ta cafke ta a wuyan riga.

“Zauna. Ba zan nemi mutum biyu ba.”

Roko ya sauko, yana dafa gefen jirgi. Wasa ya ƙare, fuskarsa ta yi fari. Ya matso kusa da ita don kada baƙi su ji, amma Dinka ta ji.

“Matar yaya, saurare ni. Iskar nan duwatsu take tura mu. In igiyar can ta tsinke, dukanmu mun tafi, har da 'yata. Ba ni makulli in kai waɗannan bayan tsibiri inda ba iska, in kira masu ceto, in ta lafa mu dawo.”

Ba maganar banza ya yi ba, kuma kada wani ya zage shi a gabana. Rayukan da ke jirgin a wuyansa suke. Perina ma ta san haka. Ta dubi duwatsun, ta dubi baƙin da suka ƙanƙame juna, ta ce daga baya ba ta taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, wannan kaɗai ta yarda ta gaya wa Dinka. Ta sa hannu a kwando ta ciro makullin da takalmin, ta ɗora a tafin Roko, amma ba ta saki ba.

“Kira masu ceto yanzu. Ka tayar da inji, ka kauce wa duwatsu, wannan aikinka ne. Amma hancin jirgin nan ba zai kalli mafaka ba.”

“Za mu dawo, na rantse miki.”

“Masu jirgin Jere ma sun koma, Roko.” Ta danna takalmin a hannunsa. “Kana yaro a tasha ranar. Ka gan su sun koma.”

Roko ya ce mini ya tsaya yana kallon takalmin da ya yi shekaru yana yi wa ba'a, sai ya ji kamar yau ya fara ganinsa. Ya hau ɗakin tuƙi ya ɗauki oba-oba.

Daga nan kowa ya yi abin da ya iya. Perina ta kwanta rub-da-ciki a bayan jirgi tana duba ko akwai kumfar numfashi kusa da farfela, sai da ta ɗaga hannu sannan Roko ya sa giya. Shi kuma ya cika jarka rabi da ruwa ya jefa, ya tsaya yana kallon inda teku ke jan ta, don mutum mai iyo da jarka hanya ɗaya za su bi. Ya san ruwan wurin nan tun yana bin babansa kamun kifi, ya ce ba inda iska ke nunawa za su nema ba, ruwan yana zagaye tsibirin ne ya fita fili. Perina ta raba wa baƙi kusurwa, kowa ta kama kansa ta juya shi.

“Kai nan za ka kalla. Ke nan. Ko amai za ka yi, ka yi idonka a buɗe. In ka ga abu, ka nuna da hannu, kada ka sauke hannun.”

Suka yi ta tafiya, ba a ganin komai sai ruwan sama da farar kumfa. Can ta ce Roko ya kashe inji. Ya dube ta kamar ta haukace, amma ya kashe. Ta hura usur iya ƙarfinta, ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Babu amsa. Aka ƙara gaba, aka sake kashewa, ta sake hurawa. Dinka na durƙushe tana kuka tana addu'a a fili. A karo na uku ne saurayin nan mai ɗan kunne, wanda ba ma ɗan jirgin ba, ya ce ya ji wani abu. Aka kasa kunne. Can nesa, siririn sauti, ya zo ya ɓace. Usur ne, irin wanda Perina ke ɗaura wa kowane baƙo a kafaɗar riga da safe, suna cewa ta cika fitina.

Sun same shi a fili, nesa da tsibirin, rungume da doguwar balan-balan ɗinsa mai ruwan lemo, irin ta masu nutso don a hango su, leɓɓansa sun yi shuɗi. Kun san abin da ya raba shi da mutane? Da aka taru a igiyar haurowa ana turereniya, sai ya yi ta matsawa yana ba wa wasu hanya. Ya saki igiyar don wata mata ta kama, ruwa ya ɗebe shi.

Roko da Dinka suka ja shi sama. Perina ta sa masa iskar asibiti a hanci, ta lulluɓe shi da bargo, ta yi ta murza masa hannu. Da numfashinsa ya daidaita, ta janyo kwando, ta tsaya a kansa.

“Radim.”

Ya zame abin hancin. “Ga ni,” ya ce, da ƙyar.

Ta durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ta sa masa sandal ɗin da hannunta. Wannan ne karo ɗaya tak da aka ga ta karya dokarta.

Radim ya gaya mini cewa yana cikin ruwa ya hango jirgi na tafiya, ya ɗauka nasu ne. Ya ce ya yi tunanin gidansa, ya ga babu wanda zai lura bai dawo ba sai ranar da zai koma aiki aka ga kujerar direba ba kowa. Ya ce hannunsa ya fara sakin balan-balan ɗin, ba don gajiya kaɗai ba. Sai ya tuna tsohuwar da ta sa shi ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya tuna sandal ɗinsa na cikin kwandonta. Ya ce a ransa, wannan matar ba za ta tafi da takalmina gida ba. Ya sa usur a baki.

Jarida ta rubuta layi biyu, ta ce ma'aikatan wani jirgi sun ceto baƙo. Ba suna. Ba wanda ya kira Perina ya rataya mata komai a wuya, kuma washegari kafin ƙararrawa tana gindin tsani tana naɗe igiya. Amma tasha ta ji. Jiragen da ke mata dariya suka fara nasu tsarin, wasu allo da ƙananan alamu da mai nutso ke cirewa in zai shiga ya mayar in ya fito, wasu kiran suna. Aka zo ana tambayarta wanne ya fi. Ta ce ita ba ruwanta, ko takalmi ko cokali, in dai mutum da hannunsa zai ɗauka, da bakinsa zai amsa, kuma makulli ba ya hannun mai gaggawa. Roko bai sake cewa ya iya ƙirga ba. Dinka kuwa ta daina haɗa mutum uku a ruwa. Duk wanda ya zo shi kaɗai, ita ce abokiyar nutsonsa.

Ke ce mai tsaron ƙofar teku, Teta. Ke ce kika yarda a kira ki mai taurin kai shekara da shekaru, saboda rana ɗaya da ba ki san ko za ta zo ba. Akwai mutane a garuruwan da ba ki taɓa zuwa ba, suna cin abinci da 'ya'yansu a daren yau, ba su san sunanki ba, ba su san kin taɓa tsayawa da kwando kina jiran muryarsu ba. Mu mun sani.

Fitarta ta ƙarshe ranar Asabar ɗin da ta wuce ce, ni ma na bi su. Radim ya zo, kamar yadda yake zuwa kowace bazara tun daga lokacin, da sandal ɗin nan dai, ɗinkin ya ƙaru. Teku ta yi kyau, aka nutsa aka fito lafiya. Perina ta miƙa wa Dinka kwando ta koma kan akwatin rigunan ceto ta zauna. Dinka ta kira sunaye, kowa ya amsa ya ɗauki nasa. Da ta zo kan Radim ya amsa da ƙarfin da sai da aka yi dariya. Kwando ya zama saura makulli. Dinka ta ɗauko za ta miƙa wa babanta, Perina ta ce ta kawo.

Ta ɗora takalmin Jere a cinya tana kwance ƙullin. Gishiri ya ƙame shi, ta sa haƙori, ta ƙi yarda Roko ya kawo wuƙa. Da ya kwance, ta miƙa wa Dinka makullin tsirara.

“Teta, ki bar mini takalmin mana. Da me zan ɗaure?”

“A'a. Wannan ya yi aikinsa, zai tafi gida. Mai shi bai dawo ba, 'yata, ba na so ki fara da shi. Ki nemi na wanda ya dawo.”

Radim ya sunkuya ya cire sandal ɗin da aka ɗinke da zaren kamun kifi, ya ajiye a kwando da hannunsa.

Roko ya juya baya yana goge ido da hula. “Wato ni dai ba zan taɓa ganin zobe ba ke nan,” ya ce.

“Yi mana shiru ka tuƙa,” in ji Perina.

Da aka ɗaure a tasha an gasa kifi, an kawo burodi da man zaitun, masunta suka yi waƙa. Radim na zaune a tsakiyar jama'a ƙafa ɗaya ba takalmi, ba a lungu ba. Perina ba ta daɗe ba. Ta ci kifi ɗaya, ta sumbaci Dinka a goshi, ta ce kada a raka ta.

Mun gode, Teta Perina. Allah Ya ba gwiwar nan sauƙi, Ya ba ki tsawon rai ki zauna a tagarki kina ganin jirage na fita suna dawowa cike. Ku kuma da ke ɗaukar mutane, a jirgi ne, a mota ne, yaran makaranta ne kuka fita da su, kada ku tsaya daga nesa kuna bin kawuna da yatsa. Ku san sunan wanda kuka ɗauka, ku kira shi, ku jira ya amsa da bakinsa. In wani ya ce ai yana nan, ku ce ya fito ku gan shi. Za a ce kun cika fitina. Ku bari a ce.

Na tsaya a bakin tasha ina kallonta tana hawan tudu a hankali, ƙafar hagu na jan ƙasa, hammatar da ta saba ɗaukar kwando yau takalmi ɗaya ne a ciki. Maƙwabciyarta ta ce ta ga lokacin da ta isa. Ta sunkuya a bakin ƙofa, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ta daidaita su kamar mai su zai fito ya sa. Sannan ta cire nata, ta shiga ciki.